A Bar wa Turmi Rabonsa

 Yau a filin sharhi maganarmu ta kayan maƙulashe ce, irin waɗanda ake yi a cikin gida: nakiya, alkaki, dakuwa, kantu da danginsu. Wani magidanci zai ce, ana fama da tsadar taki da kuɗin makaranta, ina ruwan gidan rediyo da alewa? A yi haƙuri a saurara, Malam. Lissafin da ke cikin alewar nan ya taɓa aljihunka, ya taɓa lafiyar ɗanka, ya kuma taɓa wani ilimi da ke hannun iyayenmu mata, wanda yawancinsa a ka yake, ba a takarda ba.

Bari mu fara da abin da Allah ya hore wa wannan yanki namu. Wanda ya karya daga Kwanar Ɗangora da kaka, ya nufi Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore zuwa Doguwa, zai yi ta cin karo da manyan motoci sun yi lodi har sun rankwafa. Shinkafa ce daga Tudun Wada, garin da ya yi suna wajen turara ta da casar ta. Masara ce daga Doguwa, inda damina ta fi ta arewacin jihar Kano nauyi. Ga gyaɗa, ga waken suya, ga rake a fadamu. Madatsar ruwa ta Tiga da ke ƙasar Bebeji, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ita ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure, inda ake noman alkama lokacin hunturu. Fulanin da ke kiwo a gefen Falgore da dajin Ɗansoshiya na ƙasar Ƙiru suna kawo nono da man shanu. Masu ɗora amya a kan itatuwa suna kawo zuma. Ka tsaya ka ƙirga: shinkafa, alkama, gyaɗa, masara, rake, zuma, man shanu. Kayan haɗin nakiya da alkaki da dakuwa ke nan cif, kuma dukkansu a ƙofar gidanmu suke.

Amma motocin nan da suka tafi da buhuna ba wayam suke dawowa ba. Daga kasuwar Singa da ke birnin Kano suke lodo katan-katan na biskit da alewar leda da cingam da lemon roba, a sauke a kowane shago har ƙauyen da ba shi da kwalta. Da safe yaro ya miƙa hannu: Baba, kuɗin tara. Mu ɗauka gida mai yara 5, kowanne ana ba shi naira 100 a rana. Naira 500 ke nan kullum, naira 15,000 a wata. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kaya suka tashi, naira ɗarin nan ba ta sayen abin da zai riƙe cikin yaro zuwa azahar. Maigida ya sayar da gyaɗarsa da araha lokacin da kasuwa ta cika, ya dawo yana sayen zaƙi da tsada, ɗaiɗai, har shekara ta zagayo.

Wannan ɗabi'a ta auna amfanin gona da buhun da ya fita tana da tarihi, kuma tarihin ya bi ta nan. A Bebeji aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa suka buɗe cinikin gyaɗa, shi kuwa ya zama babban mai saya musu, har aka riƙa jera buhuna ana yin dalar gyaɗa da duniya ta san Kano da ita. Ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. Fari na farkon shekarun 1970, da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975, da kuɗin man fetur da suka ɗauke hankalin hukuma, su suka rushe dalar. Yau tattaɓa kunnensa, Aliko Ɗangote, yana da babbar matatar sukari a Apapa ta Legas, kuma mafi yawan ɗanyen sukarin da Nijeriya ke tacewa daga Birazil ake shigo da shi ta teku. Fatauci albarka ne, babu mai musun haka. Sai dai duk tsawon shekarun da maza ke ƙirga buhu, mata ne suka riƙe ɗaya lissafin, na kwano da mudu, na abin da za a rage a gida a sarrafa a ci. Wannan lissafin ne yake neman kuɓuce mana.

Mu dubi nakiya. Shinkafar tuwo ake wankewa, a tsane ta, a toya ta a busasshiyar tukunya har ƙamshinta ya tashi, a niƙa tare da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono. Sai a dafa zuma ko mazarƙwaila ko sukari har ya yi danƙo, a zuba a turmi tare da garin, ana kirɓawa ana ƙara soyayyen man shanu, har ta haɗe jikinta ta yi sheƙi. Me ya sa nakiyar gara ke yin watanni a ɗakin amarya ba ta lalace ba? Domin abin da ke ruɓar da abinci ruwa yake nema. Tuya ta kore ruwan shinkafa, suya ta kore ruwan man shanu, zaƙin da aka dafa ya riƙe ɗan abin da ya saura, mai kuma ya toshe wa iska hanya. Kakanninmu ba su da firji, amma sun san haka sarai. Shi ya sa za ka ji tsohuwa tana tsawata wa yarinya: kar ki sa mini jiƙaƙƙen hannu a kwallar nan. Digon ruwa ɗaya ya isa ya jawo fumfuna.

Alkaki kuwa ya fi son haƙuri. Alkama ake ɓarzawa, ba a yi mata laushi kamar fulawa. A murje ta da mai, a yayyafa mata ruwan tsami, a rufe ta kwana. Washegari a sa ɗan ruwan kanwa ya kashe kaifin tsamin, a kirɓa har ta yi danƙon da za a iya murzawa a naɗe. Wajen suya ake gane gwana. Idan wuta ta yi yawa, baya ya ƙone ciki ɗanye. Idan ta yi kaɗan, alkaki ya sha mai ya yi nauyi. Ana tsame shi sai a tsoma a dafaffen sukari ko zuma da aka matsa wa lemon tsami ko ruwan tsamiya. Tsamin nan yana da aikinsa: shi ke hana sukari komawa tsakuwa-tsakuwa ya yi fari a jikin alkaki idan ya huce. Uwargida ba ta auna ruwan sukarin da wani ma'auni. Tana ɗiga shi tsakanin yatsa biyu, ta ja, in ya yi zare ta ce ya yi. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Waɗannan biyu na biki ne da suna da sallah. Na yau da kullum sun fi sauƙi. Dakuwa ba ta buƙatar suya a mai ma: soyayyiyar gyaɗa, soyayyiyar aya ko garin soyayyiyar masara, ɗan sukari, ɗan yaji da gishiri, a daka har man gyaɗar ya fito ya haɗa su, a dunƙula. Kantun riɗi kuwa, a rege riɗin a fitar da tsakuwa, a shanya, a toya, a narka sukari har ya yi launin zuma, a juye riɗin a ciki, a baza a farantin da aka shafa wa mai, a murje da kwalba, a yanka tun da zafinsa. Riɗin nan fa shi ne wanda ake tarawa a kasuwar Dawanau ana kai wa Japan da Sin da Turkiyya, suna biyan kuɗin waje su saya. Ga gugguru, ga gyaɗa mai gishiri, ga ƙuli-ƙuli, ga gumba. Su gullisuwa da tuwon madara da iloka daga baya suka shigo, tare da madarar gari da ta gwangwani, don haka sun fi cin kuɗi, amma su ma a gida an fi sanin abin da aka zuba.

Bambancin dunƙulen dakuwa da alewar leda a cikin yaro a fili yake. Alewar leda yawancinta sukari ne da kala da ƙamshi. Dakuwa tana ɗauke da gyaɗa, mai gina jiki da maiƙo, ga aya mai dusa da ke taimakon hanji. Yaron da ya tafi makarantar boko ko ta allo da dakuwa biyu a aljihu zai kai azahar bai yi hamma ba.

To amma kada a ce mai sharhi ya zo yabon gida ido rufe. Abin gida ma yana iya cutarwa, kuma akwai wurare uku da ya kamata a tsaya a kula.

Na farko gyaɗa da masara. Akwai wata fumfuna da ke kama su idan ba su bushe da kyau ba, ko an shanya su a ƙasa mai laima, ko an jibge buhu a jikin bango mai danshi. Fumfunar tana haifar da guba da masana ke kira afulatoksin, wadda ke lalata hanta, tana jawo sankarar hanta, ana kuma danganta ta da tsumburewar yara. A 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a ƙasar Kenya. Abin tsoro shi ne suya ba ta kashe wannan guba. Ga kuma al'adar da muka saba: a zaɓi gyaɗa mai kyau a kai kasuwa, a bar yamusasshiya da hudajjiya a gida a ce a yi wa yara ƙuli. Wato mun ba baƙo lafiyayya, mun ba 'ya'yanmu mai cuta. A juya lissafin. A baza gyaɗa a faifai a tsince ta da rana tsaka. Duk wadda ta yamushe, ta canza launi, ta huje, ko ta yi ɗaci a baki, a zubar. Kada a ba kaji, kada kuma a ba shanun tatsa, domin gubar tana bi ta nono. A shanya a kan tamfol, a ɗora buhu a kan katako. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da wani magani mai suna Aflasafe da ake watsawa a gona don rage wannan fumfuna. Manomi ya tambayi malamin gona.

Na biyu, garin da ba a san asalinsa ba. Mutanen Kano ba su manta da watan Maris na 2021 ba, lokacin da mutane suka riƙa kwanciya asibiti da amai da fitsarin jini bayan sun sha lemon da aka haɗa da garin ɗan tsami. Gwamnatin jiha ta bayyana mutuwar mutum 10, ɗaruruwa kuma suka yi jinya, wasu har ƙoda ta taɓu. Hukumar NAFDAC ta gano cewa wani sinadarin masana'antu ne aka sayar a matsayin ɗan tsami. Darasin a bayyane yake. Farin garin da aka ƙulla a leda, ba suna ba kwanan wata, ba shi da gurbi a tukunyar yara, ko ɗan tsami ne, ko kala, ko sinadarin ƙara zaƙi. Muna da tsamiya a bayan gari, muna da lemon tsami a lambu, sun ishe mu. Haka man da aka yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi yana kumfa, a haƙura da shi. Kada kuma a naɗe abin ci mai maiƙo a takardar siminti ko tsohuwar jarida.

Na uku, zaƙin kansa. Zuma da zaƙi da harbi. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babban mutum ke sha a rana ya wuce kimanin giram 50, wato ƙaramin cokalin shayi 12, kuma in an tsaya a cokali 6 ya fi. Na yaro bai kai haka ba. Kwalbar lemo guda tana iya ɗaukar kusan cokali 9. A cikin wannan lissafi hukumar ta sa har da zuma. Mazarƙwailar da ake kawowa daga Maƙarfi da sauran garuruwan rake tana da ƙamshi da ɗanɗanon da farin sukari ba shi da su, kuma kuɗinta a hannun manominmu yake tsayawa, amma mai ciwon sukari kada ya ruɗi kansa, ita ma sukari ce. Fa'idar yin abu a gida ita ce cokalin yana hannunki, Hajiya. Kina iya rage sukarin dakuwa da kashi ɗaya cikin uku, ki ƙara citta, yara ba za su ƙi ba. A ba su bayan sun ci abinci, su kuskure baki, su yi asuwaki kafin barci. Jaririn da bai cika shekara ɗaya ba kada a ba shi zuma, likitoci sun hana saboda wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna. Yaron da bai iya tauna sosai ba kada a ba shi ƙwayar gyaɗa ko aya ɗungum, tana iya shaƙe shi.

Na san abin da iyaye mata za su ce, kuma suna da gaskiya. Za su ce, mai sharhi, ka taɓa riƙe taɓarya? Ga ɗiban ruwa, ga wanki, ga tuwon dare, ga goyo, sannan a ƙaro mana kirɓin alkaki? Ga itace ya yi tsada, ga mai ya yi tsada. A nan maganar ta dawo kan magidanta. Ba daidai ba ne mutum ya sayar da amfanin gonarsa kaf, ya share rumbu, sannan ya zauna a tabarma yana cewa matan yanzu ba su iya nakiya irin ta Inna ba. Inna ta iya ne domin Baba yana bar mata shinkafa da gyaɗa, yana kawo mata zuma. Kafin a ɗinke buhun ƙarshe, a ware kwano biyar na gyaɗa mai kyau, kwano biyar na shinkafa, 'yan kwanoni na masara, a ce wannan rabon turmi ne. A biya kuɗin niƙa a inji, aikin ya ragu da rabi. A sayi man da sukarin daga cikin kuɗin tarar da za a rage. Kuma ba kullum ake yi ba. Kantu da dakuwa da ƙuli, in an yi su ranar Alhamis ko Asabar aka zuba a busasshiyar roba mai murfi, za su kai mako. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: matan gida ɗaya ko maƙwabta uku su haɗa kaya, su hura wuta ɗaya, su raba. Samari ma su kama tsintar gyaɗa da kai niƙa, ba abin kunya ba ne.

Wadda hannunta ya faɗa kuwa, sana'a ce ta samu. Dubi yawan motocin da ke tsayawa a Kwanar Ɗangora da tashar Tudun Wada kowace rana. Matafiyi yana neman tsarabar da zai kai gida. Alkaki da nakiya da kantu, in an zuba su a roba mai tsafta, aka rubuta sunan mai yi da ranar da aka yi, za su zauna a kantar shago kafaɗa da kafaɗa da biskit. Mata a birnin Kano da Kaduna da Abuja tuni suke karɓar odar kayan gara ta WhatsApp, alhali shinkafar da gyaɗar da suke aiki da su daga irin garuruwanmu ake kai musu. Ƙungiyoyin mata da ke adashi suna iya haɗa jari su nemi rajistar NAFDAC, ƙananan hukumomin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa kuma su taimaka da horo a cibiyoyin mata. Sai dai a kiyaye abu ɗaya: a kai kayan shago a ajiye, kada a ɗora wa yarinya faranti ta yi ta yawon talla a tasha lokacin da 'yan uwanta ke aji. Ribar alewa ba ta kai karatun ɗiya ba.

Abin da ya fi gaggawa shi ne koyon. Kusan kowace unguwa akwai tsohuwa ɗaya ko biyu da ake aika wa idan biki ya taso, a ce Gwaggo ce za ta tsaya a kan alkaki. Ita ta san yawan kanwar da ba za ta yi ɗaci ba, ta san lokacin da garin nakiya ya toyu daga ƙamshinsa. Bidiyon waya zai nuna miki launi, amma ba zai sa yatsanki ya ji danƙon ba. Idan bukukuwan bayan kaka suka ƙarato, 'yan mata da amare, ku je ku durƙusa ku gaishe ta, ku ce Gwaggo a koya mana. Ku tafi da littafi da biro, ku rubuta kwano nawa, ludayi nawa, ku yi da hannunku tana kallo tana gyara muku. Magidanta kuma ku sallame ta da abin goro mai kauri, domin malama ce.

 Allah ya sa albarka a abin da muka noma, ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya.